Daga Koki Zuwa Jidda: Yadda Ake Lissafin Nisa da Lokacin Tafiyar Jirgin Sama

Gabatarwa

Unguwar Koki da ke cikin birnin Kano ta daɗe da sanin tafiya. Unguwa ce ta fatake da attajirai, a nan ne kuma zuriyar Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ta kafu. A zamanin da, maniyyacin da ya bar Kano a ƙafa ko a kan jaki yakan bi ta Barno, da Wadai, da Darfur, har ya dangana da Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, domin matafiyi yakan yada zango ya yi noma ko sana'a ya ƙara guzuri, da yawa ma a Sudan suka zauna har abada. A yau kuwa mutumin Koki zai fita ta Ƙofar Mazugal bayan sallar isha'i, asuba ta riske shi a ƙasar Saudiyya.

Sai dai wannan sauri ya zo da nasa ruɗanin. A ɗauka wani dattijo a Koki ya karɓi tikitinsa na Umra, aka rubuta cewa jirgi zai tashi daga Kano ƙarfe 10:00 na dare, ya sauka Jidda ƙarfe 4:30 na asuba. Iyalinsa suka ƙirga, suka sami awa shida da rabi. Ranar dawowa aka ce musu jirgin zai bar Jidda ƙarfe 10:00 na safe, sai suka ɗora awa shida da rabi a kai, suka shirya zuwa tarya ƙarfe 4:30 na yamma. Ashe tun 12:30 na rana dattijon ya sauka, ya yi zaman jiran awa huɗu a filin jirgi da gajiyar tafiya a jikinsa. Shin hanyar dawowa ta fi ta zuwa gajarta ne? Ina awa huɗun suka shiga? Amsar tana cikin darussa uku da ɗaliban sakandare suka riga suka sani: labarin ƙasa, da lissafi, da fiziks.

Filayen jirgin guda biyu

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na sojojin Birtaniya da suka taso daga Masar, suna tafe suna yada zango, suka sauka a Kano. Su ne jirage na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. A 1936 filin jirgin saman Kano ya fara aiki sosai, shi ne kuma mafi daɗewa a ƙasar. Daga baya aka sa masa sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983. Filin yana arewa da birni, tsakaninsa da Koki bai kai kilomita 10 ba. A kan tikiti da jikin kaya ana taƙaita sunansa da haruffa uku, KAN.

A ɗaya gefen akwai filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke arewa da birnin Jidda, wanda aka buɗe a 1981, mai sashen alhazai da aka yi wa rufi da siffar tantuna. Alamarsa JED. Duk lokacin da aka ambaci nisan tafiyar jirgi tsakanin Kano da Jidda, to tsakanin waɗannan filaye biyu ake nufi, ba tsakanin ƙofar gidan matafiyi da masaukinsa ba.

Adireshin kowane wuri a bayan ƙasa

Kafin a auna nisa, dole a san mazaunin kowane wuri. Masana labarin ƙasa sun zana wa duniya layuka iri biyu. Layukan kwance, wato latitud, suna nuna nisan wuri arewa ko kudu da Ikwaita. Layukan tsaye, wato lonjitud, suna nuna nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic da ya ratsa ta Landan. Duka biyun da digiri ake auna su.

Filin jirgin Kano: digiri 12.0 arewa, digiri 8.5 gabas.
Filin jirgin Jidda: digiri 21.7 arewa, digiri 39.2 gabas.

Ke nan Jidda ta ɗara Kano da digiri 9.7 ta wajen arewa, da digiri 30.7 ta wajen gabas.

Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, da'ira kuma digiri 360 ce. Idan aka raba 40,000 da 360 za a sami kimanin kilomita 111. Wannan shi ne tsawon digiri ɗaya na latitud a ko'ina. Amma digirin lonjitud ba haka yake ba. Layukan tsaye kamar ɓarin lemo suke: sun fi faɗi a tsakiya, suna matsewa har su haɗe a ƙuryar arewa da ta kudu. A Ikwaita ne kaɗai digirin lonjitud ke cika kilomita 111. A wani wuri dabam sai an ninka 111 da kosayin na latitud ɗin wurin.

Hanya ta farko: ƙa'idar Faitagoras

Ɗalibin da ya san alwatika mai kusurwar digiri 90 zai iya kimanta nisan kamar haka.

Tafiya arewa: 9.7 × 111 = kilomita 1,077.

Tafiya gabas: matsakaicin latitud na Kano da Jidda kusan digiri 16.9 ne, kosayin ɗinsa kuwa 0.957. Saboda haka 30.7 × 111 × 0.957 = kilomita 3,261.

Sai a ninka kowace lamba da kanta, a tara: 1,159,929 + 10,634,121 = 11,794,050. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan jimla ita ce kimanin 3,434. Wato nisan ya kama wajen kilomita 3,430.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne mantawa da kosayin. Wanda ya manta zai sami kilomita 3,574, ya yi ƙarin kilomita 140 ke nan da babu su.

Hanya ta biyu: babbar da'ira

Ƙa'idar Faitagoras ta shimfiɗaɗɗen wuri ce, duniya kuwa dunƙulalliya ce. A bayan abu mai siffar ƙwallo, hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu tana bin abin da ake kira babbar da'ira, wato da'irar da za ta raba ƙwallon gida biyu daidai wa daida. Ikwaita babbar da'ira ce, amma layin digiri 12 da ya bi ta Kano ƙarama ce.

Domin samun nisan babbar da'ira, ana neman kusurwar da wuraren biyu suka yi a tsakiyar duniya. Idan aka kira latitud ɗin Kano A, na Jidda B, bambancin lonjitud C, kusurwar da ake nema kuma D, ƙa'idar ita ce:

cos D = (sin A × sin B) + (cos A × cos B × cos C)

cos D = (0.2079 × 0.3697) + (0.9781 × 0.9291 × 0.8599)

cos D = 0.0769 + 0.7814 = 0.8583

Teburin lissafi zai nuna cewa D kimanin digiri 30.9 ce. Idan aka ninka da 111 za a sami kilomita 3,430. Hanyoyin biyu sun zo kusan ɗaya, saboda Kano da Jidda duk suna kusa da Ikwaita, nisansu kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya ba. A doguwar tafiya can arewa, hanyar farko ba ta aiki. Jirgin da ya tashi daga Landan zuwa Los Anjelis ta Amurka yakan bi ta saman Girinlan. A shimfiɗaɗɗiyar taswira sai a ga kamar ya yi zagaye, alhali kuwa yanke ya yi.

Matuƙa jirgi sun fi amfani da mil na teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, kusan daidai da kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A ma'auninsu, Kano zuwa Jidda kimanin mil 1,850 ne.

Babbar da'irar da ta haɗa filayen biyu ta bar Kano ne ta fuskar digiri 68 daga arewa, wato gabas mai ɗan karkata arewa. Ta ratsa Jigawa da Yobe, ta shiga yankin Diffa na Nijar, ta wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ta keta tsakiyar Chadi da arewacin Sudan, ta ƙetare kogin Nilu daura da garin Dongola, sa'an nan ta haye Bahar Maliya. Abin lura shi ne, alƙiblar masallatan Kano ma kimanin digiri 68 ce, domin Makka ba ta da nisa da Jidda. Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Tun a ƙarni na 11 Albiruni ya yi amfani da irinsa wajen gano alƙiblar birnin Gazna.

Daga nisa zuwa lokaci

Ƙa'idar da kowane ɗalibi ya haddace ita ce: lokaci daidai yake da nisa a raba da gudu. Manyan jiragen fasinja na zamani sukan yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. Idan aka ɗauki 850, to 3,430 ÷ 850 = awa 4.04, wato awa huɗu da minti biyu. Sai a kula, 0.04 na awa ba minti huɗu ba ne. Ana ninka shi da 60 kafin ya zama minti.

To amma jirgi ba ya yin wannan gudu daga farko har ƙarshe. Da fari yakan gangara a hankali daga inda aka ɗauki fasinja zuwa bakin titin tashi, ya jira izinin hasumiya. Bayan ya tashi yakan yi minti 20 zuwa 30 yana hawa kafin ya kai tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda iska ba ta da kauri, jirgi ke gudu sosai da mai kaɗan. Haka nan tun da sauran tafiya yake fara saukowa yana rage gudu, wani lokaci ma a sa shi ya yi ta kewaya sama har titi ya samu. Waɗannan sukan ƙara kimanin rabin awa. Shi ya sa tafiyar da lissafi ya ba awa huɗu take komawa wajen awa huɗu da rabi a kan tikiti, domin lokacin tikiti yana farawa ne daga motsawar jirgi daga mazauninsa, ya ƙare da tsayawarsa a ɗaya filin.

Wannan ƙari ya fi bayyana a gajeruwar tafiya. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 830 ne, abin da lissafi zai ce awa guda, amma tafiyar takan kai wajen awa ɗaya da rabi.

Iska: ta baya da ta gaba

Gudun jirgi iri biyu ne: gudunsa a cikin iska, da gudunsa a kan ƙasa. Misalinsa kamar kwalekwale ne a kogi, wanda ke sauri idan ya bi ruwa, yake jan jiki idan ya tunkare shi. A can sama akwai iskoki masu ƙarfi da ke tafiya kamar koguna. A lokacin hunturu, a tsayin da jirage ke bi a arewacin Afirka, iskar ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Da damina kuwa, a sararin Sudan da Chadi, takan juya ta taso daga gabas.

A ɗauka iska tana kaɗawa daga yamma da gudun kilomita 80 a awa. A zuwa Jidda tana bayan jirgi, gudunsa a ƙasa ya zama 850 + 80 = 930, tafiyar ta ɗauki awa 3 da minti 41. A dawowa tana gabansa, gudun ya koma 850 − 80 = 770, tafiyar ta ɗauki awa 4 da minti 27. A zuwa an sami rarar minti 21, a dawowa an yi asarar minti 25. Ke nan abin da iska ta karɓa ya fi abin da ta bayar, saboda jirgin ya fi daɗewa a cikin iskar da ke tare shi.

Wasu ɗalibai kan yi tsammanin juyawar duniya ce ke kawo wannan bambanci. Gaskiya ne cewa a daidai Kano duniya tana juyawa gabas da gudun sama da kilomita 1,600 a awa. Sai dai tana juyawa ne tare da iskar da ta lulluɓe ta, da jirgin da ke cikin iskar. Da ba haka ba, da tsuntsun da ya tashi daga Dutsen Dala bai sake ganin Kano ba.

Hanyoyin sama da matsalar ƙasa

Jirgi ba ya bin zaren babbar da'ira sak. Sararin sama yana da hanyoyi da mahaɗu kamar titunan mota, kowace ƙasa kuma ita ke da iko da samanta. Matuƙi kan kauce wa hadari mai tsawa, da wuraren da aka keɓe wa sojoji, da ƙasashen da ake yaƙi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazan shekarar. Tunda miƙaƙƙiyar hanya ta Sudan ta bi, sai jiragen alhazan Nijeriya suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Lissafin a fili yake: a gudun 850, duk ƙarin kilomita 425 rabin awa ne, da man rabin awa.

Ga matuƙi, wannan lissafi batu ne na rai. Dokar sufurin sama ta duniya ta wajabta wa jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani filin na daban idan sauka ta gagara, da kuma na ƙarin minti 30 na jira a sama. Mutanen Kano sun san yadda hazon hunturu ke rufe gari har jirage su kasa sauka. A ranar 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas ya juyo Kano saboda rashin kyawun yanayi a can, ya kuma yi hatsari wajen sauka, mutane 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Tun kafin jirgi ya tashi ake shirya wa yiwuwar ya sauka inda bai nufa ba.

Ina awa huɗun suka shiga?

Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, ko digiri ɗaya a minti huɗu. Tunda Jidda tana gabas da Kano da digiri 30.7, rana takan kai tsakiyarta a can kimanin minti 123 kafin ta kai a Kano. Agogon hukuma ma ya yi kusa da haka: Nijeriya tana gaban lokacin Girinwic da awa ɗaya, Saudiyya da awa uku. Bambancin awa biyu ne cur, duk tsawon shekara.

Ƙa'idar tikiti ita ce, kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin zai faru ne. Jirgin dattijon ya tashi 10:00 na dare agogon Kano, ya yi awa huɗu da rabi, ya sauka 2:30 na dare agogon Kano, wanda ya yi daidai da 4:30 na asuba agogon Jidda. A dawowa ya tashi 10:00 na safe agogon Jidda, lokacin 8:00 na safe ne a Koki, ya yi awa huɗu da rabi, ya sauka 12:30 na rana. A zuwa agogo ya ƙara awa biyu na ƙarya, a dawowa ya rage biyu. Iyalin sun ƙara inda ya kamata su rage, biyu da biyu kuwa huɗu ne.

Sanin wannan yana da amfani ga matafiyin da likita ya ƙayyade wa awoyin shan magani, kamar mai ciwon sukari ko hawan jini, domin jiki awoyin da suka wuce yake ƙirgawa, ba abin da agogon bango ya nuna ba. Haka nan mai tafiya gabas zai ga lokutan salla suna riskarsa da wuri, dare kuma ya gajarce masa.

Aiki a aji

Malami zai iya kawo ƙwallon taswirar duniya da zare. A ɗora bakin zaren a Kano, a ja shi ya miƙe sosai zuwa Jidda, a rubuta ƙasashen da ya ratsa. Sa'an nan a ɗauki wannan tsawon zaren a shimfiɗa a kan Ikwaita, a ƙirga digirin da ya ci, a ninka da 111. Inda babu ƙwallon taswira, lemo da zare da alƙalami sun isa a nuna babbar da'ira.

Tambayoyi:

1. Filin jirgin Madina yana digiri 24.6 arewa, 39.7 gabas. A nemo nisansa daga Kano ta hanyar babbar da'ira.
2. Jirgi ya bar Kano ƙarfe 11:15 na dare, ya yi awa 4 da minti 50 a hanya. Ƙarfe nawa zai sauka agogon Saudiyya?
3. Matafiyin da ke cin kilomita 25 kowace rana, kwana nawa zai yi kafin ya cinye kilomita 3,430?

Amsoshi: (1) kimanin kilomita 3,560, (2) ƙarfe 6:05 na safe, (3) kwana 137 da 'yan awoyi, wato kusan wata huɗu da rabi.

Kammalawa

An ga cewa nisan Kano zuwa Jidda, kimanin kilomita 3,430, abu ne tabbatacce da ɗalibi zai iya fitarwa da teburin lissafi da fensir. Lokacin tafiya kuwa yana sauyawa da gudun jirgi, da iska, da hanyar da aka ba shi, da jiran da ya yi a ƙasa ko a sama. Bambancin agogo bai ƙara wa tafiya ko minti ɗaya ba, amma shi ya fi ruɗa mutane. Amsar tambaya ta uku ta nuna cewa abin da mai ƙafa zai ci a wata huɗu da rabi, ko da ba hutu ba kwana, jirgi yana cinye shi a awa huɗu da rabi. Ɗalibin Koki da ya fahimci wannan darasi shi ne zai karɓi tikitin kakansa, ya duba, ya faɗa wa mutanen gida ainihin lokacin da ya kamata a kama hanyar filin jirgi.